Sifirin da Ya Ɓata

Cima ce ta gano, bayan isha'i,
tana neman rasit ɗin kuɗin wuta
a gwangwanin da muke tara takardu.
Ta ce, "Baba, banki ya rubuta jika ɗari takwas da arba'in,
kai kuwa ka faɗa wa masu lampo tamanin da huɗu."

Na ɗauko tabarau, na jawo fitila.
Ga hannuna nan, ba na wani ba:
takwas mai ƙiba, huɗu mai ƙafa ɗaya,
sai sifiri uku a jere
inda ya kamata su zama huɗu.

Ni, da na shekara talatin da ɗaya
ina cin ƙurar alli a lakwal ta Garin Malam,
ina ce wa yara sifiri ba komai ba ne
sai ya sami wanda zai tsaya a bayansa.

Kuɗin ma ba gumina ba ne.
Yayana Illo ya sayi hannun jari a wani kamfani can Abijan,
ya rasu bai taɓa ganin ƙofarsa ba,
ni ma ban gani ba.
Shekara-shekara dai riba ke zuwa,
kamar saniyar da ake kiwo a garin da ban sani ba
ana aiko mini da nono.

Daren nan ban yi barci ba.
Zuciya ta ce, wa ya gani?
Takardar tana can ƙarƙashin dubu irinta.
Ga kwanon ɗaki yana yoyo,
ga masu kura sun ƙara kuɗin jarka,
ga Cima da kuɗin jami'a.
Kuma ai ba da gangan ka yi ba.
Na ce haka ne. Jiya kuskure ne.
Amma tun da yarinyar nan ta ɗora yatsa a kai,
in na yi shiru, gobe sunansa daban.

Da hantsi na hau kabu-kabu,
muka ratsa gefen Kasuwar Dole,
duwatsun Birni suna zaune yadda na san su,
ba su ƙaru ba, ba su ragu ba.

A biro na zauna kan benci
tsakanin mai kanti da wata mai gidan burodi,
kowa na neman a rage masa.
Da layi ya zo kaina na ce, "Na zo a ƙara."

Ma'aikacin ya ɗago kai.
Furfura ta fara masa a gemu,
amma kunnuwan nan na san su.
Ya dubi takarda, ya dube ni,
ya ce, "Mushe Ma'azu, ba ka gane ni ba?
Mutari ne, na bencin baya, kusa da taga.
Kai ka ba ni sifiri a aji biyar,
da jan biro, har ka zagaye shi sau biyu."

Na ce, "To, ga shi yau ni ke bara."

Ya yi dariya har ya share ido,
ya miƙo sabuwar takarda, ya nuna layin.
Na rubuta a hankali, ina ƙirgawa da baki.
Ya buga hatimi, ya faɗi abin da ya hau kaina.
Bai kai yadda na ji tsoro ba.
Bai kuma yi kaɗan ba: kwanon ɗaki zai jira kaka.

Na fito rana ta take.
Na sayi rake na dala ashirin don Cima,
na tsaya na ƙirga canjin
sau biyu, a gaban mai raken,
yana kallona.